Tambaya: me ya haɗa Kiristoci da Yahudawa a maganar ƙarshen duniya ne?

Ɗan Sabil (Jidda) ya rubuta:

Assalamu alaikum yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimi a cikinmu ina da wata tambaya da ta kwana biyu tana min yawo a kai, kuma wlh ba rigima nake nema ba, so nake kawai in fahimta.

Ni direba ne a wani sito nan Jidda, muna raba kaya shaguna, a sikan ɗinmu, wato masaukinmu, mun kai mu goma sha biyu kowa da ƙasarsa. Akwai wani ɗan Yuganda Kirista, mutumin kirki ne gaskiya, lokacin da igamata, wato takardar izinin zama, ta kusa mutuwa kafili yana ta min yawo da hankali shi ya ranta min riyal ɗari uku ko takarda bai ce a rubuta ba. To daren Alhamis bayan an tashi aiki muna zaune a ƙasa mun sa ful da tamis a tsakiya, wani ya kunna labaran Gaza a waya ana ta salati, sai ɗan Yugandan nan ya yi ƙasa da murya ya ce shi ma yaran suna ba shi tausayi amma fa duk abin nan a rubuce yake, wai Allah ya yi wa Annabi Ibrahim alkawari duk wanda ya sa wa Isra'ila albarka zai ga albarka wanda ya zage ta zai ga tsiya, kuma wai sai Yahudawa sun gama komawa ƙasar Yesu zai dawo. Muhasib ɗinmu, wato akanta, kuma Bamisire ne Bakibɗe, shi ma Kirista ɗan tsohuwar cocin Masar, har da ɗan gicciye a zane a wuyan hannunsa, kawai sai ya ajiye lomar da ke hannunsa ya ce wannan ba Kiristanci ba ne tatsuniyar Amurka ce, su a cocinsu an shekara da shekaru ma ana hana su zuwa Kudus saboda mamaya. Suka kama ja in ja da Larabcin gwari gwari, wannan ya ce aya kaza wancan ya ce ba haka take nufi ba, har sai da na ce a bar zancen haka, kun dai san nan ba wurin da ake ɗaga murya kan musun addini ba ne.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, tun ina yaro abin da nake ji Kiristoci sun yi imani Yahudawa ne suka sa aka gicciye Annabi Isa alaihis salam (mu dai mun san ba a kashe shi ba ba a gicciye shi ba, Suratun Nisa'i ta gama magana), to ta yaya mutanen da kake zargi da wannan za su zama su ne kuma kake kare wa kamar ranka? Kuma tsakanin ɗan Yuganda da Bamisire waye yake faɗin abin da ke littafinsu? Na gode.

Abu Fahad (Makka) ya rubuta:

Malam kar ka wahalar da kanka duk kanwar ja ce, Yahudu da Nasara bakinsu daya tun fil azal, rigimar da ka gani wasan kwaikwayo ne kawai. Ka ci ful dinka ka kwanta.

Ɗalibi a Madina ya rubuta:

Wa alaikumus salam Ɗan Sabil. Abu Fahad ka yi haƙuri amma nan kam ba zan bi ka ba, ko Alƙur'ani bai ce bakinsu ɗaya ba, duba Baƙara aya ta 113, Yahudawa sun ce Nasara ba su kan komai Nasara sun ce Yahudawa ba su kan komai alhali duk suna karanta littafi. In wasan kwaikwayo ne to wasan ya ci rayuka da yawa.

Bari in ɗan warware abin da na karanta. Farko dai Annabi Isa da almajiransa da Bulus duk Bani Isra'ila ne, kuma fiye da rabin Baibul ɗin da ke hannun Kirista littattafan Yahudawa ne, shi ne suke ce wa Tsohon Alkawari, saboda haka tun daga tushe Kirista ba shi da yadda zai yi ya yakice Bayahude daga addininsa. Akwai wanda ya gwada, wani Markiyon a ƙarni na biyu ya ce a watsar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, coci ta kore shi wajen shekara ta 144. To ga littafi an riƙe, ga masu littafin kuma suna raye sun ce ba su yarda Isa ne Almasihun da suke jira ba, yaya za a yi da su? Nan matsalar ta faro.

A shekara ta 70 Rumawa ƙarƙashin Titus suka rushe haikalin Kudus, a 135 kuma bayan wani boren sarki Hadiriyan ya hana Yahudawa zama a birnin ya canza masa suna, sunan nan ne ya zama Iliya a Larabci wanda za ka gani a takardar amanar Sayyidina Umar. Malaman coci suka ɗauki wannan a matsayin hujja, suka ce kun gani Allah ya juya musu baya, yanzu coci ce sabuwar Isra'ila, alkawuran duk sun dawo kanmu. Wannan ita ce fahimtar da ta yi mulki sama da shekara dubu da ɗari biyar, kuma kusan ita ce Bamisirenku yake kai. Agustin, babban malaminsu ɗan Arewacin Afirka (garin da ya yi limanci yana cikin Aljeriya ta yau, ya rasu a 430), ya ce kar a kashe Yahudawa, a bar su a warwatse su zama shaida, har ya kwatanta su da bawan da ke ɗaukar wa ɗan makaranta jakar littattafai, shi ke ɗauke da kaya wani ke karantawa. Ka ji fa, wannan shi ne mai sassaucin.

Marasa sassaucin kuma ga abin da suka yi. A 1096 mayaƙan Salibiyya na farko tun kafin su baro Turai suka fara da Yahudawan garuruwan Jamus irin su Wams da Mainz, suka ce me zai kai mu gabas neman maƙiya ga su a ƙofar gida, da suka ci Kudus a 1099 kuma Musulmi da Yahudawa tare aka yanka. A 1215 taron malaman coci a Rum ya ce dole Bayahude da Musulmi su sa tufafin da za a gane su. Aka ƙirƙiri ƙaryar cewa suna sace yaran Kirista su yi amfani da jininsu, da annoba ta zo a 1348 aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi, aka ƙona su a garuruwa da dama. Ingila ta kore su kaf a 1290. Sifen ta kore su a 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, da yawansu Maroko suka nufa da daular Usmaniyya inda Sarki Bayazid na biyu ya karɓe su. Martin Luta wanda ya ɓalle daga Katolika da farko ya yi musu magana mai daɗi yana zaton za su shigo addininsa, da suka ƙi sai a 1543 ya rubuta cewa a ƙona majami'unsu a rushe gidajensu. Su Hitila akidarsu ta launin fata da jini ce ba ta coci ba, amma gonar da suka shuka a kai an daɗe da share musu ita, Yahudawa kusan miliyan 6 suka hallaka. Sai a 1965 cocin Katolika ta fito ta ce a hukumance ba za a ɗora wa Yahudawa gaba ɗaya, na da ko na yanzu, alhakin mutuwar Isa ba. 1965 fa, Najeriya ma ta riga ta samu yancin kai.

Shi kuma abin da ɗan Yuganda yake faɗa reshe ne daban kuma sabo ne idan aka gwada da wancan. Ya fara tsiro a cikin Furotestan na Ingila da suka koma karanta annabce annabcen Tsohon Alkawari baƙi da baƙi, suka ce in littafi ya ce Isra'ila to Isra'ila yake nufi ba coci ba, in ya ce ƙasa to ƙasa ce mai turɓaya. Wanda ya tsara abin sosai wani Jon Darbi ne da ya rasu a 1882, ya yi ta zirga zirga Amurka yana wa'azi, sai a 1909 wani Sikofil ya buga Baibul da sharhi a ƙasan kowane shafi bisa wannan fahimta, mutane suka riƙa karanta sharhin kamar shi ma nassi ne, kamar dai a ce yaro ya taso bai san inda aya ta tsaya tafsiri ya fara ba. Abin mamaki tun 1891 wani mai wa'azi Bilakiston ya tara sa hannun manyan Amurka sama da 400 ya kai wa shugaban ƙasa Harison cewa a mayar da Yahudawa Falasɗinu, shekara shida kenan kafin Hazal, jagoran masu neman kafa ƙasar Yahudawa, ya kira taron Sahyoniyawa na farko a Basel a 1897. Shi kuwa Hazal ɗin da ya je wurin Fafaroma a 1904 neman goyon baya hannu rabbana ya dawo. Af, ka tsokani abokinka ka ce masa a 1903 Ingila ta yi wa Sahyoniyawa tayin fili a Gabashin Afirka, ana kiran abin shirin Yuganda duk da filin a Kenya ta yau yake, da sun karɓa da maƙwabtansa ne yanzu.

Sauran kuma tunda ba addinina ba ne gara wanda ya tashi a ciki ya yi bayani, in akwai.

Yar Wusasa (Riyad) ta rubuta:

Sannunku yan uwa. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa magana ba, amma yau kam tunda an taɓo gidanmu bari in sa baki. Ni Bahaushiya ce Kirista, nas ce a wani asibiti nan Riyad, kuma Malam na Madina gaskiya ka yi adalci, ban ga inda ka ƙara gishiri ba, wasu abubuwan ma da kunya nake karanta su.

Yaya Ɗan Sabil, abin da abokinka ya faɗa daga Farawa 12:3 ya ɗauko, inda Allah ya ce wa Ibrahim zan sa wa masu sa maka albarka albarka. Ka lura da Ibrahim ake magana, babu gwamnati babu soja a ayar, amma su masu wannan fahimta sun miƙe ta har kan ƙasar da aka kafa a 1948. Tsarin nasu haka yake, na haddace shi tun ina yar Sande Sukul domin akwai wani malaminmu da yake zana shi a allo da alli kala kala kamar taswirar hanya. Wai Yahudawa za su koma ƙasarsu, suna kawo Ezekiyel 37 wurin busassun ƙasusuwa da suka tashi. Sai fyaucewa, wato a ɗauke masu bi na gaskiya sama farat ɗaya, direba ya ɓace a kan sitiyari uwa ta nemi jariri ta rasa. Sai shekara bakwai na babban tsanani, magabcin Almasihu ya fito, shi ne kusan Dujal a wurinku, ya ƙulla yarjejeniya da Isra'ila a sake gina haikali sannan ya ci amana. Sai yaƙin Armagedon, sunan daga Magiddo ne wani tudu a arewacin ƙasar, sannan Yesu ya sauko ya yi mulkin shekara dubu daga Urushalima. Wlh akwai ranar da na dawo daga makaranta na tarar gida shiru tukunya a kan wuta babu kowa, na zauna a tsakar gida ina kuka na zaci an fyauce kowa an bar ni, ashe mamata maƙwabta ta shiga aron maburgi na miya, har yau yayyena suna min dariya.

To ga wurin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. A cikin wannan tsarin ƙarshen Yahudawa ba daɗi, masu wa'azin da yawa suna ɗauko Zakariya 13:8 su ce kashi biyu cikin uku za su hallaka a tsananin, ragowar kuma su karɓi Yesu. Ya'ni ana son su ne kamar yadda ake son agogon bango, ana duba su a san ƙarfe nawa. Yahudawa da yawa sun san da haka kuma abin yana musu ciwo, wasu kuma cewa suke a karɓi taimakon yanzu, in Almasihu ya zo a tambaye shi ko ya taɓa zuwa.

Kuma lissafin ya sha kwana a ƙasa. Saboda misalin itacen ɓaure a Matiyu 24 aka ce tsara ɗaya shekara 40 ce, 1948 a ƙara 40 ya ba da 1988, aka sayar da littattafai kamar me a Amurka, 1988 ta zo ta wuce muna nan muna shan koko. Alhali a wannan babin dai Yesu ya ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani. Amma 1948 da kuma 1967 da Isra'ila ta kama gabashin Urushalima sun ƙara wa abin ƙarfi sosai, mutane suka ce ga annabci yana cika a rediyo. Yanzu kuma ya zama siyasa da kuɗi, wani fasto Jon Hegi na Teksas ya kafa ƙungiya a 2006 don mara wa Isra'ila baya, kuma ranar 14 ga Mayu 2018 da Amurka ta buɗe ofishin jakadancinta a Urushalima shi aka ba addu'ar rufewa. Daga tashoshin talabijin na irin waɗannan fastoci abin ya kwararo Afirka, Yuganda da Kenya da Najeriya duk ruwa ɗaya muka sha, shi ya sa za ka ga tutar Isra'ila a gaban wasu coci coci a gida, wanda ya je ziyara kuma ya dawo ya liƙa JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunansa kamar yadda naku ke zama Alhaji.

Ni dai inda na tsaya, ban yarda da masu cewa Allah ya yar da Yahudawa ba domin Bulus da kansa a Romawa 11 ya tambaya ko Allah ya ƙi jama'arsa ya amsa da a'a, ya ce mu rassa ne da aka ɗaura a jikin itacen zaitun kar mu yi wa saiwa fahariya, da kakannin coci sun riƙe wannan da ba a yi abin da Malam ya lissafa ba. Amma kuma ban ga inda wannan ya zama lasisin rushe gidan wani a kansa ba. Akwai Kiristoci Falasɗinawa a Baitalami da Gaza tun zamanin manzanni, a Oktoba 2023 harin sama ya faɗa harabar tsohuwar cocin Forfiriyus a Gaza mutanen da suka fake a ciki suka mutu, kuma tun 2006 shugabannin coci a Urushalima suka fitar da sanarwa cewa wannan koyarwa ta Sahyoniyancin Kirista ba su yarda da ita ba. Na faɗa wa ƙanin babana haka a waya ya ce Saudiyya ta lalata ni, muka yi wata biyu ba ma gaisawa.

Abu Fahad (Makka) ya rubuta:

To naji, baiwar Allah kin yi bayani. Amma ai Yahudawan ne suka kona masallacin Aksa a 1969 ko shi ma za a ce ba su ba ne?

Ɗalibi a Madina ya rubuta:

Abu Fahad ai ka kawo misalin da ya fi kowanne dacewa da zancen. Wanda ya cinna wutar ranar 21 ga Agusta 1969 sunansa Denis Rohan, ɗan Ostireliya ne kuma Kirista, ya ce yana so ne a share wuri a gina haikali don ya gaggauta dawowar Almasihu, mumbarin da Salahuddin ya kawo masallacin ya ƙone a wannan gobara. Kotun Isra'ila ta ce mahaukaci ne aka kai shi asibiti, Musulmi kuma suka ɗora wa Isra'ila alhaki tunda wurin a ƙarƙashin mamayarta yake. Wannan wutar ce ta sa Sarki Faisal da sauran shugabanni suka taru a Rabat a Satumba ta shekarar, daga nan aka haifi ƙungiyar ƙasashen Musulmi wadda hedikwatarta ke nan Jidda, ƙila ma Ɗan Sabil yana wuce ta da motarsa. Ko jajayen karsana biyar ɗin nan da aka yi ta yawo da hotonsu, waɗanda aka kai Isra'ila daga Teksas a Satumba 2022 saboda hukuncin tsarki na Littafin Ƙidaya babi na 19 da masu son gina haikali suke bukata, da hannun Kiristocin Amurka aka kai su. Su kuwa malaman Yahudawa masu riƙe da tsohuwar fatawa har yau suna hana mabiyansu taka harabar masallacin ma, masu son gina haikali yanzu yanzu wani ɓangare ne.

Baba Mai Simsim (Gadarif) ya rubuta:

Salamu alaikum yarana. Jikana ne ke rubuta min ina faɗa, idona ya yi rauni ga network ɗin namu sai a hankali tunda aka fara yaƙin nan na Sudan, in kun ga kuskure nasa ne.

Kuna ta zancen Yahudawa kamar wasu mutane ne na cikin littafi ko na talabijin, to ni na gan su da idona a nan Gadarif ta Sudan, kuma ba masu kuɗi ba ne ba farare ba ne. Shekarar yunwa 1984 ina saurayi ina aikin yankan simsim, wato riɗi, Habashawa suka yi ta kwararowa ta iyaka aka zuba su a sansani, Um Rakuba da Tawawa. A cikinsu akwai waɗanda ake ce wa Falasha, baƙaƙe kamar ni, maƙera da masu ginin tukwane, ƙafa duk ta fashe da tafiya. Ɓoye kansu suke yi, ba don mu ba, don yan uwansu Habashawa Kirista da ke ce musu buda wato mayu masu kambun baka. Akwai wata tsohuwa da nake sayen tulu a wurinta, ran Asabar na je da kuɗina ta ƙi ko kallon kuɗin, murhunta a mace ba hayaƙi ga jikoki suna kukan yunwa, na zaci ciwo ne ya kwantar da ita sai wani ya raɗa min cewa su ran Asabar ba sa hura wuta ba sa ciniki. Sun mutu da yawa a sansanonin nan, zawo da ƙyanda, Allah kaɗai ya san adadi. Daga baya sai muka riƙa wayar gari bukka babu kowa, ashe da dare ake kwasarsu a bas zuwa Khartum, jirgin wani kamfanin Beljiyam da ya saba jigilar alhazai shi ke ɗaukarsu ya bi ta Turai ya kai su Isra'ila, daga Nuwamba 1984 zuwa farkon Janairu 1985 kusan mutum dubu 8, da asiri ya tonu aka tsaya. Shugaban Sudan Numairi ya faɗi a Afrilu 1985, mataimakinsa Umar Ɗayyib har kotu aka kai shi kan wannan magana. Tulun nan ya fi shekara goma a gidanmu kafin ya fashe.

Abu na biyu, na ji wasunku a zuci suna dariyar ɗan Yuganda da yarinyar nan da ta yi kuka a tsakar gida. Ku tambayi kanku me ya kawo mu Sudan. Da Nasara suka ci Sakkwato a 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya fito ya yi gabas, talakawa suka bar gonaki da rumbuna suka bi shi domin an yi imani zuwan Nasara alamar ƙarshen zamani ce kuma Mahadi daga gabas zai bayyana, aka tare su a Burmi aka kashe shi da jama'a masu yawa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar har bakin Nilul Azrak kusa da Sinnar, garin Mai Wurno yana nan da sunansa. Kakana yana yaro a cikin ayarin nan, a kan jaki aka ɗaure shi da rawani kar ya faɗo, ya ce babansa ko ƙofar gida bai rufe ba da za su fito don yana ganin duniyar saura kaɗan. Yau shekara ɗari da ashirin da wani abu, ga ni jikansa ina jiran ruwan damina. Mu ma muna da namu a hadisi, saukar Annabi Isa a farar hasumiya gabashin Dimashƙa, ya kashe Dujal a ƙofar Luddu, Yajuju da Majuju, duk mun yi imani da su, amma malaminmu na allo cewa yake wanda ya ce maka ya san shekarar ka riƙe aljihunka.

Yar Wusasa Allah ya yi miki albarka, ki kira ƙanin babanki ki gaishe shi ko bai sauko ba.

Ɗan Sabil (Jidda) ya rubuta:

Kai jama'a na gode wlh, Baba Allah ya ƙara lafiya ya kawo muku zaman lafiya a Sudan, Malam na Madina da Yar Wusasa Allah ya saka. Jiya muna lodi na ce wa ɗan Yugandan ashe saura ƙiris a kafa Isra'ila a maƙwabtanku, ya ce ƙarya ne, ya duba a waya ya yi shiru sannan ya fashe da dariya. Na tambaye shi zancen kashi biyu cikin uku ɗin nan kuma ya ce shi fastonsu bai taɓa kawo wannan wurin ba, zai tura masa saƙo ya ji. Bamisiren kuma da na ce masa an ce fahimtarku ita ce tsohuwa sai ya hau hura hanci, na ce to amma a ƙarƙashin tsohuwar ne fa aka yi korar 1492, ya ce wannan Turawa ne ba Kibɗawa ba, ya ja kalkuletarsa ya ci gaba da aiki. Daren Alhamis mai zuwa ni ke sayen ful, na ce kowa ya zo amma a bar waya a caji.